Me ake nufi da "sa ido" na kwamitin haɗin gwiwa a kan makarantu?

Sau da yawa za ka ji a labarai an ce 'yan majalisa sun kai ziyarar gani da ido wata makaranta, ko sun gayyaci shugaban wata hukumar ilimi ya zo ya yi bayani. Wannan shi ne aikin sa ido: majalisar da ta yi doka kuma ta amince da kasafin kuɗi tana bin sawu ta ga ko an kashe kuɗin inda ta ce.

A Najeriya ikon yana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 88 da na 89 sun ba Majalisar Dattawa da ta Wakilai damar yin bincike, su kira kowa ya ba da shaida, su nemi takardu. Wanda ya ƙi amsa sammaci ba tare da uzuri ba, ana iya ba da takardar a kamo shi. Majalisun jihohi kuma sashe na 128 da na 129 ne suka ba su irin wannan iko. Amma an yi wa binciken iyaka: ko dai don yin doka ko gyara ta, ko don tona asirin cin hanci, sakaci da almubazzaranci.

"Haɗin gwiwa" kuwa ma'anarsa ta danganta da majalisar da ake magana a kai. A Abuja, inda ake da sanatoci 109 da wakilai 360, yawanci ana nufin kwamitin da ya haɗa 'yan majalisun biyu. Sashe na 62 ya wajabta irin wannan a kan harkar kuɗi, ya kuma bar ƙofa a buɗe a kafa wasu. A Kano ko Katsina majalisa ɗaya ce tal, don haka haɗin gwiwar na kwamitoci biyu ne na zaure ɗaya, kamar na ilimi da na kasafi su zauna tare.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne wa ya kamata a kai wa kuka. Firamaren unguwarku da rufinta ya yaye ba ta hannun Abuja kai tsaye. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar ilimin bai ɗaya ta tarayya, aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ke shiga babban asusun gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta samun kasonta na gine-gine sai ta ajiye nata daidai da shi, sannan SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, ta yi aikin. Kuɗi da yawa kan yi kwantai saboda jihohi ba su biya ba. To, kwamitin tarayya zai iya tsitsiye UBEC, amma mai tambayar gwamna dalilin ƙin biya ɗan majalisar jiharku ne, wanda galibi ya fi kowa jin nauyin gwamnan.

Kwamitin kuma ba sufeton makaranta ba ne. Ba ya korar hedimasta, ba ya ɗaukar malami. Rahoto yake rubutawa ya miƙa wa zauren majalisa, a yi muhawara a zartar da ƙuduri, wanda ɓangaren zartarwa kan iya jingine shi. Lokacin da kwamishina ke jin tsoronsa da gaske shi ne ranar kare kasafi, sa'ad da za a tambaye shi ajujuwa nawa ya gina da kuɗin bara kafin a ba shi na bana.