Zubar jini bayan haihuwa a asibitoci masu ƙarancin kayan aiki

Zubar jini bayan haihuwa na nufin mace ta zubar da jinin da ya kai mililita 500 ko fiye cikin awa 24 da saukarta, idan kuwa ya kai mililita 1,000 ana ɗaukar lamarin a matsayin mai tsanani. Wannan ita ce matsalar da ta fi kowace kashe mata wajen haihuwa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana samun mata kusan miliyan 14 a shekara, tana kuma hallaka kimanin 70,000, galibinsu a Afirka kudu da Sahara da Kudancin Asiya. Najeriya kaɗai ke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa.

Yadda jinin ke ɓallewa

Idan ciki ya kai watan haihuwa, jinin da ke ratsa mahaifa a kowane minti ya kai rabin lita ko fiye. Da mabiyiya ta rabu, jijiyoyin da ke shayar da ita sukan kasance a buɗe, kuma abin da ke toshe su shi ne tsukewar naman mahaifar kanta. Shi ya sa ungozoma ke ɗora hannu ƙasan cibiyar mai jego: idan ta ji mahaifa ta dunƙule ta yi tauri, hankalinta ya kwanta, idan ta ji ta sake ta yi laushi, to jini na kan hanya. Wannan sakewar ita ce sanadin mafi yawan zubar jini, kuma ta fi samun wadda ta yi doguwar naƙuda, ko ta haifi tagwaye, ko ta yi haihuwa da yawa. Sauran dalilan su ne yagewar bakin mahaifa ko farji ko fashewar mahaifa, da maƙalewar mabiyiya ko wani yankinta, da kuma jinin da ya kasa daskarewa. Macen da ta zo haihuwa da ƙarancin jini, saboda zazzaɓin cizon sauro ko rashin abinci mai gina jiki, tana iya galabaita da jinin da wata za ta zubar ta tashi lafiya.

Aunawa

Shekaru da dama an dogara ga ido wajen ƙiyasta jinin da ya zuba, ido kuwa yakan rage lissafi. Jini na shiga zane da katifa, yana gauraya da ruwan haihuwa, wani kuma yana taruwa a cikin mahaifa ba a gani. Ga shi mace mai ƙuruciya tana iya zubar da jini mai yawa alhali awon jininta bai faɗi ba tukuna, sai bugun zuciya ne kawai ke ƙaruwa. Kafin a ga ta yi fari fat, tana gumi mai sanyi tana neman ruwan sha, an riga an makara.

Wannan giɓin ne binciken E-MOTIVE ya tunkara. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya shafi mata fiye da 200,000, aka fitar da sakamakonsa a 2023, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Kayan aikin da aka yi amfani da shi wata leda ce da ake shimfiɗa wa mace bayan jariri ya fito, ƙasanta yana da aljihu mai tsini wanda aka yi wa layukan awo, ta yadda duk mai wucewa zai ga inda jini ya kai. Da ya taɓa layin haɗari, sai a haɗa matakai a lokaci guda: a murza mahaifa, a ba da maganin tsuke ta, a yi allurar tiranekzamik mai taimaka wa jini ya tsaya, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya. A da ana yin waɗannan ɗaya bayan ɗaya ne, ana jira a ga ko na farko zai yi aiki, jini kuwa ba ya jira. A asibitocin da suka bi sabon tsarin, zubar jini mai tsanani da tiyatar gaggawa da mutuwa, idan an haɗa su, sun ragu da kashi 60 cikin 100. Babu sabon magani ko ɗaya a cikin tsarin. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara matso da iyakar, ta ce a fara aiki tun daga mililita 300 idan bugun zuciya ko awon jini ya sauya.

Magunguna da matsalar zafi

Oksitosin shi ne maganin farko na tsuke mahaifa, kuma ana yi wa kowace mace allurarsa da zarar jariri ya fito domin rigakafi. Rauninsa shi ne yana son ajiya a sanyin digiri 2 zuwa 8. A asibitin da wuta ke ɗaukewa, firji ya kwana a kashe, kwalbar na nan da tambarinta da kwanan watanta, amma ƙarfin maganin yana iya raguwa, ma'aikaciya ta yi allura biyu ko uku tana mamakin mahaifar da ta ƙi tsukewa. Ƙwayar misofrostol ba ta buƙatar firji ko allura, don haka ta dace da ƙananan asibitoci da haihuwar gida, ko da yake takan sa rawar sanyi da zazzaɓi. Akwai kuma karbetosin mai jure zafi, wanda wani bincike na 2018 ya nuna ya yi daidai da oksitosin wajen rigakafi. Tiranekzamik aikinsa daban ne, domin yana hana gudan jini narkewa. Binciken WOMAN na 2017, wanda ya ƙunshi mata 20,000 a ƙasashe 21, ya nuna yana rage mutuwar da zubar jini ke jawowa da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an ba da shi cikin awa uku da haihuwa. Bayan haka amfaninsa ya wuce.

Idan magani ya gaza

A nan dabarun hannu ke shigowa. Ana matse mahaifa tsakanin hannu biyu, ɗaya a ciki ɗaya a kan mara, ko a danne babbar jijiyar jini ta ciki da dunƙulen hannu. Likita Sayeba Akhter ta Bangaladash ta yi suna da wata dabara mai araha: a ɗaure kwaroron roba a bakin bututun fitsari, a tura cikin mahaifa, a cika shi da ruwan gishiri na asibiti har ya danne jijiyoyin da ke zuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi sharaɗin cewa a yi wannan ne inda ake iya kaiwa ga tiyata da ƙarin jini ba tare da jinkiri ba. Akwai kuma wata riga ta roba mai kauri da ake naɗe mace da ita daga idon sawu zuwa ciki, tana tura jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa, tana ba da 'yan awoyin da za a yi tafiya zuwa babban asibiti. Jamhuriyar Nijar ta haɗa misofrostol da kwaroron roba da wannan riga a shiri ɗaya na ƙasa baki ɗaya, kuma rahoton da aka buga a 2023 ya nuna mutuwar da zubar jini ke jawowa ta ragu da fiye da rabi. Matakin ƙarshe tiyata ce: ɗinkin matse mahaifa da Likita Christopher B-Lynch ya bayyana a 1997, ko ɗaure jijiyoyin mahaifa, ko cire ta gaba ɗaya.

Ƙarin jini

Abin da ya fi wuyar samu shi ne jinin da za a ƙara. A asibitoci da yawa ma'ajiyar jini ba ta da tanadi, don haka sai dangi sun kawo wanda zai bayar, a gwada rukuninsa, a tantance shi daga cututtuka, alhali mai jego na kwance tana jira. Da tsakar dare miji yakan fita yana buga ƙofofin 'yan uwa, wani lokaci kuma kuɗin ledar jini da na gwaji ne ke tsayar da komai. Wasu likitoci sukan umurci mai ciki da ke da haɗari ta tanadi jini leda ɗaya ko biyu tun lokacin awo, su kuma dage a kan ƙwayoyin ƙarin jini da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, domin macen da ta shiga ɗakin haihuwa da isasshen jini ta fi jure awoyin da ake nema mata wani.