Waƙoƙin Gargajiya Bakwai na Sifaniya (Manuel de Falla)

Siete canciones populares españolas tarin waƙoƙi bakwai ne na mutanen karkarar Sifaniya da mai tsara kiɗa Manuel de Falla ya sake wa tsari domin murya ɗaya da fiyano a 1914. An fara rera su a bainar jama'a a Madrid cikin Janairun 1915, Luisa Vela na waƙa, Falla da kansa na kaɗa fiyano.

An haifi Falla a Cádiz, a kudancin ƙasar, a 1876. Malaminsa Felipe Pedrell ne ya cusa masa ra'ayin cewa kiɗan ƙasa daga bakin talakawanta ya kamata ya fito. Daga 1907 ya zauna a Paris, ya yi hulɗa da Debussy da Ravel da Dukas, masu sabon salon haɗa sauti na wancan zamani. Ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya ce ta mayar da shi gida, waƙoƙin nan a hannunsa.

Karin waƙoƙin ya fito daga yankuna dabam-dabam. El paño moruno da Seguidilla murciana na yankin Murcia ne, a kudu maso gabashin ƙasar. Asturiana ta arewa ce, waƙar baƙin ciki mai tafiya a hankali. Jota rawar Aragon ce mai saurin taki, Nana kuwa waƙar reno ce ta Andalus. Sai Canción, sannan Polo, wadda ke rufe tarin da zafin filamenko, kiɗan gargajiyar kudancin Sifaniya.

Gwanintar Falla a fiyanon take. Karin da ya tarar a littattafan da masu tattara waƙoƙin gargajiya suka buga, kaɗan ya taɓa shi; a wasu wuraren ma ya bar shi yadda yake. Abin da ke ƙarƙashin muryar ne ya gina sabo. A Polo, yatsu na maimaita sauti ɗaya da sauri kamar ana kaɗa jita, takun 'yan rawa na fitowa daga bugun. A Asturiana ya rage komai, sauti biyu ko uku na kai-komo, har muryar ta zama kamar ita kaɗai ce a fili. Wannan ya bambanta shi da waɗanda suka gabace shi, masu lulluɓe waƙar ƙauye da adon falon masu kuɗi har ta rasa kamanninta. A wurinsa sabon salon bai danne tsohuwar waƙa ba, ƙara fito da ita ya yi, kuma a nan darajar aikin take.

Paul Kochanski ya mayar da shida daga cikinsu na bayolin da fiyano, Luciano Berio kuma ya tsara su duka wa babbar ƙungiyar makaɗa a 1978. Falla ya ci gaba da kare waƙar gargajiya: a 1922 shi da marubucin waƙa Federico García Lorca suka shirya gasar cante jondo, wato tsohon salon waƙar filamenko, a birnin Granada. Ya rasu a Ajantina a 1946.