Jimar Fata a Sakkwato

Jima ita ce sarrafa ɗanyar fata don kada ta ruɓe, ta kuma yi laushin da baduku zai iya ɗinka ta. Mai sana'ar shi ne majemi, wurin aikin kuwa majema. A Sakkwato sana'ar ta dogara ne kan jar akuyar ƙasar, wadda fatarta ke da ƙarfi da santsin fuska.

Tarihi

Ana kyautata zaton jima ta girmi birnin kansa, wanda Muhammadu Bello ya gina wajen 1809. A zamanin Daular Usmaniyya fatake kan kai jemammiyar fata Kano, daga nan ayarin raƙuma ya ƙetara Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka. Turawa a can suke saye, shi ya sa wani kaso na abin da suka riƙa kira fatar Maroko asalinsa daga ƙasar Hausa ne. Girman wannan kaso abu ne da masana suka saɓa a kai. A ƙarni na 20 masu yi wa littattafai bango a Ingila sun nemi fatar sosai saboda jurewarta.

Yadda ake yi

Da farko a jiƙa fatar ta saki jini da datti, busasshiya takan kwana a ruwa. Sai a tsoma ta a ruwan toka har gashi ya fara tugewa da yatsa, a shimfiɗa ta kan itace a kankare gashi da ragowar nama da kartaji, wato wuƙar da majemi ke kankara da ita. In ta daɗe a toka fuskarta kan yi rauni. Bayan wanki ana sa ta a ruwan kashin kaji ko na tattabara don ta yi laushi, kuma nan ne ake yawan asara, domin a lokacin zafi 'yan sa'o'i kaɗan na sakaci sun isa su sa ta fara ruɓewa.

Jigon aikin shi ne bagaruwa. Ana daka busassun 'ya'yanta, a jiƙa a ruwa, a riƙa cuɗa fatar a ciki ana sabunta ruwan, galibi kwana ɗaya zuwa uku gwargwadon kaurinta. Majemi kan ɗan yanki wajen wuya ya duba. Idan akwai farin layi a tsakiya, jimar ba ta kama ba, kuma fatar za ta ƙandare in ta bushe. Ba a barin ƙarfe ya taɓa ruwan bagaruwa, don yana barin baƙin tabo da ba ya fita.

Daga ƙarshe a shafa man gyaɗa, a shanya a inuwa, a miƙe ta ana murzawa. Wajen rina fatar, jan launi ana samunsa daga karan dafi, wato karan wata irin dawa mai ja, baƙi kuma daga kuloko, wato rinin da ake haɗawa da ƙarfe.

A yau

Dukawa na yin fulo, jakunkuna, takalma da kube da jemammiyar fata, amma kamfanonin Kano na kwashe ɗanyar fata da yawa.