Zaiba a lakar tafkuna

Zaiba, wadda wasu ke kira makuri, ƙarfe ce mai guba da ke zama ruwa-ruwa. Idan ta shiga tafki ba ta daɗewa a cikin ruwan. Takan manne wa ƙura da ruɓaɓɓen ciyayi, ta nutse ta kwanta a laka. Shi ya sa ruwa kan yi garau alhali lakar da ke ƙarƙashinsa ta ƙoshi da guba.

Wani ɓangarenta daga masana'antu yake kwararowa kai tsaye. Wani kuma iska ce ke kawo shi daga nesa, daga hayaƙin kwal da kuma wuraren haƙar zinare irin na Zamfara, inda ake kama zinare da zaiba sannan a ƙona ta, har ruwan sama ya sauke ta a tafkin da babu masana'anta ko ɗaya kusa da shi.

Babban haɗarin a cikin lakar yake farawa. A can ƙasa inda babu iskar oksijin, wasu ƙwayoyin bakteriya kan juya zaiba ta koma metilmakuri, nau'in da jikin mai rai ke sha da sauƙi amma yake wahalar fitarwa. Masana biyu a Suwidin, Jensen da Jernelöv, su ne suka nuna hakan a 1969. Ƙananan halittu su ɗauka, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, a kowane mataki gubar na ƙara taruwa. A tsokar kifin take zama, don haka wanki ko dahuwa ba sa fitar da ita. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma abin da ya fi tayar da hankali shi ne ɗan tayi a cikin uwa ya fi kowa cutuwa.

Tafkin Onondaga da ke Sirakus a jihar Niyok ta Amurka sanannen misali ne. Daga 1946 zuwa 1970 kamfanin Allied Chemical ya zuba masa zaiba kimanin kilo 75,000, har aka hana kamun kifi a 1970. An daina zubawa, amma lakar ta ci gaba da sakin gubar shekaru da dama. Sai tsakanin 2012 da 2014 kamfanin Honeywell, wanda ya gaji alhakin, ya yashe laka wajen kubik mita miliyan 1.7, aka lulluɓe wasu sassan da yashi. A tsakiyar tafkin mai zurfi kuma, sinadarin naitret ake zubawa lokacin zafi domin hana samuwar metilmakuri. Duk da wannan aiki, hukumomin lafiya na jihar suna gargaɗin yara da mata masu shekarun haihuwa kada su ci kifin tafkin.