Hoto Ko Baki: Wanne Ke Kai Saƙon Lafiya Har Cikin Gida?

Hausawa sun ce gani ya kori ji, shi ya sa ake cika bangon asibitocinmu da fastoci. Daga Asibitin Murtala har ƙaramin asibitin unguwa a Gwale ko Fagge, ba ka rasa hoton uwa tana shayarwa, ko na gidan sauro, ko na hannu ƙarƙashin famfo. Abin da ya kamata ya dami ma'aikacin lafiya shi ne abin da matar da ta kalli hoton tana jiran layi ta ɗauka ta tafi da shi gida. Hoto yana nuna yadda ake yin abu da yawansa. Dalili, da lokaci, da abin yi idan al'amari ya canja, sai da baki.

Inda hoto ya fi ƙarfi shi ne tef ɗin awon damtse da ake gano tamowa da shi a yara 'yan wata 6 zuwa wata 59. Launi uku ne: ja idan damtsen bai kai santimita 11.5 ba, ɗorawa daga 11.5 zuwa 12.5, kore daga nan zuwa sama. Uwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana ganin ja ta san akwai matsala. Amma tef ɗin ba ya gaya mata a tsakiyar damtse ake ɗaurawa, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake. Idan ta matse, yaro lafiyayye zai faɗa ja. Idan ta saki da yawa, mai tamowa zai fito kore. Kuma tef ba ya ganin kumburi. Dole a koya mata ta danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaron biyu na daƙiƙa 3. Idan gurbin yatsan ya zauna a duka biyun, asibiti za a nufa ranar, ko da tef ya nuna kore.

Ruwan gishiri da sukari ya fi komai nuna haɗarin dogaro da hoto kaɗai. Sau da yawa za ka ga an zana kofi ko jug ana zuba garin ORS a ciki, wato haɗin gishiri da sukari na leda da ake ba mai gudawa, alhali kofin da ke takarda ba shi da girma. A gida ɗaya akwai kofin roba, da kofin silba, da moɗa, kowanne da cikinsa. Yawancin ledar ORS ta lita 1 ce, don haka a fara duba abin da aka rubuta a jikinta. Idan lita 1 ce, a ce wa uwa ledar fiya wata biyu, mai santilita 50 kowacce, a juye garin gaba ɗaya. Wannan ma'auni ne da kowa a Kano ya sani. In ruwan ya yi kaɗan, gishiri ya yi yawa, sai ya ƙara wa yaron bushewar jiki, har yana iya kai shi ga jijjiga. In ya yi yawa, ƙarfin haɗin ya ragu.

Idan babu ORS a kusa, haɗin gida shi ne cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta. A nan hoto yana da rana: a zana cokali biyu gefe da gefe, ɗaya an share samansa daidai baki, ɗaya ya yi tozo, a nuna cewa wanda aka share ake so. Sai dai a faɗa da baki cewa ƙaramin cokali ake nufi, domin na shayi yana ɗaukar mililita 5, babban cokali kuwa kusan 15, wato ninki uku. Sauran sharuɗɗan ba su zanuwa: a zubar da abin da ya rage bayan awa 24, idan yaro ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba da nono, ƙwayar zinc kuma kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata 6 ba. Wannan "ko da" ɗin, babu mai zanen da zai iya fitar da shi.

Sai ambulan ɗin magani. Mai kemis ya ja sanda uku a bayansa ya miƙa. Ƙwaya uku lokaci ɗaya, ko ƙwaya ɗaya sau uku? Shi ya sani, amma sau tari ba uwar ce a gabansa ba. Maigida ne ya biya da yamma, ko yaro aka aika, bayanin ya bi baki biyu kafin ya isa ɗaki, rabinsa ya zube a hanya. Abin da ke isa cikin gida lafiya shi ne abin da ke jikin ambulan, shi ya sa ya cancanci minti ɗaya na kulawa. A raba shi gida-gida, kowane gida lokaci ɗaya, a zana yawan ƙwayar a ciki da da'ira. Hoton rana da wata yana taimakawa, amma lokutan salla sun fi zama a kai. Sau biyu a rana: bayan Asuba da bayan Magariba. Sau uku: bayan Asuba, bayan Azahar, sai lokacin kwanciya wajen ƙarfe 10, tazarar ta kusanci awa 8.

Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem sau shida ake sha cikin kwana 3, na biyu awa 8 bayan na farko, tare da nono ko abinci mai maiƙo don jiki ya karɓe shi. Katin yana da zane, amma zane ba ya hana uwa ajiye sauran idan jikin yaro ya yi sanyi a rana ta biyu. Haka maganin rigakafin da ake bi gida-gida da shi da damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59: na ranar farko a gaban ma'aikaci, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa. Sai an gaya mata dalili take ƙarasawa.

Akwai kurakuran zane da ke maimaituwa. Alamar X a kan hoto, ɗan boko ne ya san tana nufin "kada". Wani kuwa, abin da aka hana kawai yake gani, kamar ana koya masa. Sauron da aka zana ya cika rabin takarda ba ya kama da wanda ke cizon mutane. Hannu shi kaɗai babu jiki yana rikitarwa. Matakan da aka jera daga hagu zuwa dama, wanda ya yi karatun allo zai iya farawa daga dama, ya zuba gari kafin ya wanke hannu. A jera su daga sama zuwa ƙasa, a sa lamba. Hoton shayarwa da ya buɗe jiki da yawa kuma, kau da kai ake yi. A zana mace da hijabinta, da buta da kwanon da aka saba gani. Saƙo ɗaya a fasta ɗaya, rubutu gajere da Hausar boko da ajami.

Inda zargi ya shiga, hoto ba shi da ta cewa. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003 har zuwa 2004, ba rashin fastoci ne ya jawo ba, kuma ba fastoci suka gyara ba. Sai da sarakuna, hakimai, masu unguwanni da malamai suka buɗe baki, aka yi ta bayani a rediyo da ƙofar gida, kafin a kai ga 2020 da aka tabbatar cutar ta asali ta kau daga Najeriya. Mai shakka tambaya yake da ita, fasta kuwa ba ta amsawa.

Kafin a buga kowace fasta, a kai ta wurin mata kamar goma irin waɗanda aka yi dominsu, ba tare da an yi musu bayani ba. Kada a ce "kin gane?", don kunya za ta sa a ce e. A ce: "Hajiya, me kika gani a nan? Me matar nan take yi?" Inda amsoshi suka rarrabu, zanen ne da gyara. A ɗakin duba marasa lafiya ma haka: bayan bayani, a miƙa wa uwa leda da cokali a ce, "Maman yaro, nuna min yadda za ki haɗa in kin koma gida." Mai waya ya ɗauki hoton ambulan ɗin, ko a naɗa masa bayanin da murya ya kai wa uwargida ta ji da kunnenta.

Alamomin haɗari kuwa a faɗe su ɗaya bayan ɗaya, uwa ta maimaita: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya ci, jijjiga, barcin da ba a iya tashinsa, jini a bayan gida, numfashi da sauri ko haƙarƙari na shiga ciki. Ko ɗaya aka gani, ko da tsakar dare ne, a kai shi asibiti mafi kusa.