Ƙwallon yara a Zariya: daga hannun makaranta zuwa hannun unguwa

Da zarar dogon hutu ya matso, maganar gasar ƙwallon yara takan taso a unguwannin Zariya, koke-koken iyaye kuma su biyo bayanta. A Tudun Wada ne, ko Sabon Gari, ko Samaru, ko cikin birni, kusan kukan iri ɗaya ne: yara na kaiwa Magariba a fili, ana cusa ƙarti cikin wasan 'yan shekara 13, yaro ya ji ciwo a rasa mai ɗaukar nauyinsa, kuɗin fom da na jesi ba a san inda suke shiga ba, wani lokacin ma wasa ya tashi da jifa. Masu shirya gasa da dama suna ɗaukar wannan a kan tsohuwar ƙiyayyar dattawa ga tamaula. Ni ban yarda ba. In aka bi tarihin abin, kowane ƙorafi yana nuna wani aiki ne da a da akwai mai yin sa, yau kuma an bar shi ba mai shi.

Ƙwallo ba a kan titi ta shigo Zariya ba. Ta hanyar jirgin ƙasa, barikin soja da makaranta ta zo. Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, Zariya ta zama mahaɗar jirage, Sabon Gari ta cika da ma'aikatan reluwe da na kamfanoni waɗanda suka zo da wasan daga kudu. Ga kuma soja, da Defo, wato cibiyar horar da kuratan soja, da makarantar yaran soja da aka buɗe a 1954. Amma inda wasan ya yi saiwa sosai shi ne makarantu: Alhudahuda a cikin birni, Barewa wadda ta dawo Zariya a 1949, St. Paul's ta Wusasa da ake kira Kufena yanzu, sannan Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962. A 1953 ne Kano ta ɗauki Kofin Gwamna, babban kofin ƙwallon ƙasar nan na wancan lokaci, wanda aka fara a 1945, ta zama ta farko da ta fitar da shi daga Legas, abin da ya nuna cewa tun lokacin Arewa ta riga ta kama wasan da hannu biyu.

Abin lura a wancan tsari shi ne wanda ke riƙe da yaron. Malamin wasanni ma'aikaci ne, yana da shugaba a kansa. Sunan yaro da ajinsa suna cikin rajista, don haka ba a yi wa kowa gardamar shekaru sosai. Ɗan aji biyu ɗan aji biyu ne. Ƙararrawa ce ke buɗe wasa, ita ce ke rufe shi. Wanda ya ji ciwo akwai ɗakin magani. Uba ba ya bukatar zuwa bakin fili, domin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in wani abu ya faru.

Wannan tsari bai rushe rana ɗaya ba. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara fiye da yadda azuzuwa da malamai za su ɗauka, kuma a wurare da yawa filin wasa ne ya fara bayar da wuri don a gina sabon aji. Matsin tattalin arziki da ya biyo bayan 1986 ya sa kuɗin wasanni ya zama abin da ake fara yankewa. Daga baya makarantun kuɗi suka yawaita, da yawansu a cikin gidajen haya, ba su da ko inda yaro zai yi gudun taku ashirin. Garin kansa ya yi ta cin filayensa. Rusau ɗin da gwamnatin jiha ta yi a 2015 na gine-ginen da ta ce sun shiga harabar Alhudahuda ya isa ya nuna yadda ƙasa ta yi tsada har filin makaranta bai tsira ba.

A daidai lokacin da makaranta ke sakin hannu, sha'awar yara ƙaruwa ta yi. A 1985 yaran Nijeriya suka doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a China, suka ɗauki kofin duniya na farko na 'yan ƙasa da shekara 16. Nan kusa da mu, Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988, ta kuma ci kofin Afirka ta Yamma a 1989. Daniel Amokachi, Tijjani Babangida da Garba Lawal duk 'yan Kaduna ne, yaron Zariya yana ganin su kamar 'yan gida. Sai gidajen kallo suka zo da wasannin Ingila da Sifaniya har cikin lungu. Gurbin da makaranta ta bari, matasan unguwa ne suka cike shi: tsohon ɗan wasa da ƙafa ta hana shi ci gaba, ko tela, ko ɗan acaɓa mai son abin, ya tara yara, ya sayi ƙwallo da kuɗin aljihunsa, aka fara ce masa Koci. Dole a yi wa waɗannan mutane adalci. Ba don su ba, da dubban yara ba su da inda za su sa ƙarfinsu da yamma, a garin da kowa ya san ɓarnar da shaye-shaye da sara-suka suka yi wa matasa. Sai dai Koci ba shi da rajista, ba shi da ƙararrawa, ba shi da ɗakin magani, kuma ba wanda ke tambayar sa.

Daga 1999 siyasa ta shigo da nata salo. Kansila, ɗan majalisa ko mai neman kujera ya sa kofi da sunansa, a buga fasta, a kawo makaɗa ranar ƙarshe. Kuɗi ya shigo, amma na mako uku ne, kuma duk a kan lashe kofi aka ɗora shi. Tun da kyautar ta zama kuɗi, sai nasara ta fi tarbiyyar yaro daraja, aka fara ɗauko 'yan haya daga wata unguwa, aka fara aske wa gardi gemu a ce masa yaro.

Maganar shekaru ita ce ta fi ci wa iyaye tuwo a ƙwarya, kuma ita ce ta fi tsawon tarihi. A 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga wasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, aka kuma ƙwace mata damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2009, lokacin da aka buga gasar 'yan ƙasa da 17 a nan ƙasar, har da filin Ahmadu Bello na Kaduna, FIFA ta shigo da hoton ƙashin wuyan hannu na MRI, wanda ke nuna ko ƙashin ya gama haɗewa, kuma sai da aka sallami 'yan wasa da dama daga tawagar Nijeriya kafin a fara. Abin da ake gani a sama, daga ƙasa yake farawa. Ka tsaya bakin fili ranar tantancewa ka gani: a jera yara a rana, wani daga kwamiti ya bi su yana duban haɓa da ƙwauri, ya ce wannan ya wuce, wancan ya fita. Koci ya rantse, ɗaya Kocin ya rantse, a ƙarshe wanda ya fi baki ya yi nasara. Sai a fara wasa, ɗan shekara 12 mai siraran ƙafafu ya haɗu da ɗan 18 a kan ƙwallo ɗaya, a kan tsandaurin ƙasa mai tsakuwa. Uwar da aka kawo wa ɗanta a kan babur da hannu a karye ba ta bukatar wani ya yi mata bayanin illar ƙaryar shekaru.

Gyaran nan ba ya bukatar na'urar asibiti. Littafi yake bukata. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, ko shaidar aji daga hedimasta, ko daga malamin Islamiyya, da hoton yaro, da sa hannun uba ko waliyyi, a rubuta tun ranar da yaro ya fara zuwa, a kuma ajiye kwafi wurin mai unguwa. Wanda aka rubuta yana ɗan 10 ba zai dawo bayan shekara biyar ya ce shi ɗan 12 ne ba. A nan iyaye ma suna da nasu laifin da ya kamata a faɗa: akwai uban da shi da kansa yake zuwa a rage wa ɗansa shekaru a takarda, don an ce masa ta haka ake samun fita waje.

Kuma littafin nan yana da wani amfani da kocinmu da yawa ba su sani ba. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko, daga 12 zuwa 15, suna da kashi 1 cikin 100 na kuɗin cinikin gaba ɗaya. Wato in aka sayar da yaro Yuro miliyan ɗaya, ƙungiyar da ta riƙe shi a waɗannan shekaru tana da Yuro 10,000. A 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman don biyan irin wannan kuɗi. Amma sharaɗin shi ne ƙungiyar ta yi rajista da hukumar ƙwallo, sunan yaron kuma ya shiga kundinta. Kocin da ya yi shekara biyar yana saya wa yaro ruwan leda da takalmi, in babu rubutu, babu abin da zai nuna.

Wannan rashin sani shi ke buɗe wa dillalai ƙofa. Mutum ya zo bakin fili da babbar waya, ya nuna hotunansa da Turawa, ya ce yaron nan ya yi, a kawo kuɗin fasfo da biza. A sayar da fili ko a ci bashi, daga nan waya ta daina shiga. Tun 2001 dokar FIFA ta hana kai ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don buga ƙwallo, in ban da 'yan yanayoyi kaɗan, kamar iyayensa su ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 Turai gwaji a kan kuɗin iyayensa, ya kamata kwamitin gasa ya zama na farko da zai tare shi.

Batun lokaci ya fi sauƙi, amma shi ne ya fi raba Koci da gida. Zariya garin karatu ce. Yaro yana da boko da safe, Islamiyya ko allo da yamma, wani kuma yana da shagon da yake koyon sana'a. Atisayen da ke farawa bayan La'asar ya ci lokacin Islamiyya, wasan da aka makara farawa ya ci Magariba. Iyaye ba cewa suke kada a buga ba. Cewa suke a zauna da malamai a fitar da ranaku. Alhamis da Juma'a makarantun allo na hutu, safiyar Asabar da Lahadi ma akwai sarari a wasu unguwanni, kuma alƙalin wasa yana iya busa tashi da sauran rana. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai maƙura, sai a tsaya shan ruwa a tsakiyar kowane zagaye. Manyan 'yan wasa ma an tsaya musu a gasar duniya ta 2014. Yara ƙanana kuma ba su da dalilin buga minti 90 a babban fili da ƙwallon manya.

Kan rauni, abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: akwatin magani a bakin fili, mutum ɗaya da ya koyi taimakon gaggawa, lambar wayar kowane uba, da wani kaso na kuɗin fom da aka ware tun farko don jinya, kada a tsaya ana karo-karo yaro na kwance. A kuma tambayi iyaye tun wajen cike fom ko yaro na da sikila, asma ko ciwon zuciya. Ɗan wasan Nijeriya Samuel Okwaraji a tsakiyar fili ya faɗi ya rasu a Legas a 1989, ana wasa da Angola. Chineme Martins na Nasarawa United haka ya faɗi a Lafiya a 2020. Waɗannan ƙwararru ne, balle yaron unguwa da ya fito gida ko karyawa bai yi ba.

Akwai muryar da ba a cika ji ba a duk wannan, ta iyaye mata. Su ke wanke jesi, su ke ganin ƙurjewar da yaro ya ɓoye wa babansa, su suka san ranar da ya daina cin abinci don Koci ya zage shi gaban abokai ko ya ajiye shi a benci wata guda. Amma in an kira taro a ƙofar gidan mai unguwa, maza ne ke zuwa. Kwamitin da ke son jin gaskiya sai ya aika cikin gida, ta hannun malamar Islamiyyar matan aure ko wata dattijuwa da ake jin maganarta, a kawo abin da suka ce a karanta a zaman. Kujera biyu ko uku na iyaye a kwamiti, ɗaya daga ciki mai riƙe da lissafin kuɗi, za su kashe rabin zargin da ake yi.

Abin da iyaye da Koci ba za su iya warwarewa su kaɗai ba shi ne fili. Makarantun gwamnati da yawa yanzu an zagaye su da katanga, kuma da hujja, ganin halin tsaron da ake ciki. Amma a unguwanni da dama filin firamare shi kaɗai ya rage. Hukumomin ilmi na ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari suna iya ba da izini a rubuce, da ranaku da sa'o'i, ga ƙungiyar da ta kawo rajistar yaranta da sunayen iyayen da suka tsaya mata. Hedimasta zai fi sakin jiki ya miƙa mabuɗin ƙofa in ya san akwai dattijon da zai kira idan aka fasa tagar aji.