Waiwaye: yadda inshora ta zama takardar nuna wa ɗan sanda a Najeriya

Tun da 'yan sanda suka fara tsaurara kamen motocin da ba su da inshora ranar 1 ga Fabrairu 2025 maganar ta dawo bakin mutane, a tasha, a gareji, a teburin mai shayi, kuma kusan kowa tambaya ɗaya yake yi, nawa ne kuɗin takardar. Da wuya ka ji wanda ya ce to me takardar za ta biya min in na yi hatsari. Ni dai a nan nake ganin duk ciwon yake, kuma ba jiya ya fara ba.

Kawuna ya fi shekara 20 yana jan motar haya tsakanin Kano da Kaduna. Wata rana birki ya ƙi, ya daki motar wani ta baya, ƙarshe sai da ya sayar da tumakinsa ya gyara wa mutumin mota. Na ce masa "Kawu, ba ka da inshora ne?" Ya ce "Ina da ita mana ɗana, tana nan cikin takardun mota, amma ai ta 'yan sanda ce." Da muka bincika ashe ma ta bogi ce, mutumin da yake sabunta masa takardu duk shekara shi yake bugawa ya sa kuɗin aljihu. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don mutumin nan bai taɓa fashin biya ba.

In ka bi tarihin za ka ga ba laifin su Kawu ba ne. Inshora ta shigo ƙasar nan ne da kamfanonin Turawa, Royal Exchange na Ingila ya fara da wakili a 1918, ya buɗe ofishinsa a Legas a 1921, kuma aikinsa kare kayan da ake lodawa a jirgin ruwa ne da dukiyar kamfanonin kasuwanci, ba ruwansa da manomin da ya noma gyaɗar. Karon farko da talaka ya haɗu da inshora shi ne dokar motoci ta 1945, wadda ta tilasta duk mai mota ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya buge. Kenan ta ƙofar tilas ta shigo mana, ba wanda ya zaunar da direba ya ce ga hakkinka, abin da ya sani kawai in babu takarda akwai kamu.

Kamfanin 'yan ƙasa na farko, African Insurance Company, sai 1958. Bayan samun 'yanci aka yi doka a 1961 amma ba ta da wani ƙarfi, kamfanoni suka yi ta ɓullowa barkatai, wasu ba su da jarin da zai biya ko gobara ɗaya mai girma, su karɓi kuɗi, ranar biya a neme su a rasa. Gwamnati ta kafa kamfanin inshorarta NICON a 1969, ta yi wata dokar a 1976, ta kafa Nigeria Re, mai yi wa kamfanonin inshora su ma inshora, a 1977, amma babban abin da ke gabanta lokacin shi ne hana kuɗin ficewa waje. Hukumar da ke sa ido a kan harkar, NAICOM, sai 1997 aka kafa ta, kusan shekara 80 bayan zuwan inshora.

Dokar 2003 ita ce ta ɗan waiwayi kwastoma. Ta ce idan kamfani ya amince da buƙatar diyya to ya biya cikin kwana 90, in kuma ba zai biya ba ya rubuto dalili. Ta ce kamfani ya tambayi duk abin da yake son sani a fom, abin da bai tambaya ba kada ya zo daga baya ya ce an ɓoye masa. Wannan ya yi kyau. Amma a dokar nan ɗin dai akwai wani layi da har yau yake damuna, wai idan ejan ɗin inshora ya taya ka cike fom to a wannan lokacin wakilinka ne kai. Ka duba fa, a wurin da mutane da yawa ba sa karanta Turanci, ejan ne ke riƙe da biro, shi ke neman kamasho, shi zai rubuta "babu" a gurbin tambayar ciwon suga ko hawan jini don a gama da wuri, sannan ranar da mutum ya rasu a ce wa matarsa mijinki bai faɗi gaskiya ba. Ana ta maganar amana a harkar inshora, cewa kwastoma ya faɗi komai tsakaninsa da Allah, to amanar ai ta ɓangare biyu ce, shi ma kamfani ya kamata ya bayyana abin da ba zai biya ba da harshen da mai saye ke ji, ba ya tura shi can shafi na goma da ƙananan rubutu ba.

A 2007 aka gama ƙara wa kamfanoni jari, daga sama da 100 suka koma 49. A 2013 aka fara aiki sosai da ƙa'idar ba kuɗi ba kariya, wato sai kuɗinka ya shiga kafin inshora ta hau kanka. Ƙungiyar kamfanonin inshora kuma ta buɗe rumbun NIID inda za ka sa lambar motarka ka ga ko takardarka ta gaske ce, da shi muka gano ta Kawu.

Ba na raina maganar jari, don kamfani mara kuɗi ko yana so ba zai biya ba. A watan Yuni 2022 NAICOM ta soke lasin Niger Insurance da Standard Alliance, a Oktoba 2024 kuma ta rushe shugabancin African Alliance saboda kasa sauke nauyin mutane, cikinsu har da tsofaffin ma'aikata da suka zuba kuɗin fanshonsu don a riƙa ba su duk wata. Tsoho ya gama aiki shekara 35, ƙafa ba ƙarfi, a bar shi da jiran alat. Irin wannan labarin in ya shiga unguwa ɗaya ya gama da inshora a unguwar har 'ya'ya da jikoki.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana cewa wai mu a Arewa addini ne kawai ya hana mu. E, akwai maganar riba da garari, wato rashin tabbas a ciniki, da kama da caca, malamai sun daɗe suna faɗa, kuma an amsa ta da takaful, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, a 2016 aka ba Jaiz Takaful da Noor Takaful lasin, tsarin da kuɗin da aka tara taimakon juna ne, rarar da ta saura kuma a raba wa mahalarta. Amma ɗan kasuwar da ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 da idonsa kuma har yau bai yanki komai ba, ka zauna da shi, bayan maganar halas tambayarsa ta biyu ita ce su waye suka taɓa karɓar diyya. Har yanzu inshora ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar ba.

Hanyar ƙorafi kam akwai ta. Ka fara rubuta wa kamfanin, ka ajiye kwafi da rasit da hotuna, in sun yi shiru ko sun ƙi ka kai sashen ƙorafe-ƙorafe na NAICOM, akwai kuma hukumar kare masu saye FCCPC da ta maye gurbin tsohuwar CPC a 2019, sannan kotu. Matsalar ita ce wa ya sani? Duk cikin Turanci ne, yawanci ta imel, direban da ke Gumel ko Illela ta ina zai fara.

Yanzu kuma ga sabon nauyi ya hau. Da can sunanka da lambar mota kawai ake karɓa, yau NIN ne, BVN, lambar waya, adireshi, sunan magada, sakamakon gwajin asibiti, duk suna zaune a kwamfutar kamfani da wayar ejan, wani ma ta WhatsApp zai ce ka turo. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a 2019, sai a watan Yuni 2023 ta zama cikakkiyar doka tare da hukumarta NDPC. Dokar ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta ba ka damar tambayar me suka ajiye a kanka, ka sa a gyara kuskure, ka ce a daina turo maka talla, kuma in an yi kutse mai haɗari dole kamfani ya sanar da hukuma cikin awa 72. A wurinmu da sirrin ciwo kan iya kashe aure ko hana mutum aiki wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta shafe ta 2003 da ta motocin 1945 ɗin nan, ta ɗaga jari zuwa naira biliyan 10 ga masu inshorar rayuwa da biliyan 15 ga masu inshorar dukiya da haɗurra, ta kuma tanadi asusun da zai tallafi kwastoma in kamfani ya durƙushe. Wannan asusun shi zan fi sa wa ido.

Kawu kuwa bana ni na raka shi. Ya biya kuɗin, farashin da ya tashi tun Janairu 2023, muka duba a waya sunan motarsa ya fito, sannan na karanta masa cewa in ya lalata dukiyar wani, kamfanin inshorar ne zai biya har iyakar kuɗin da ke rubuce a takardar. Ya sa na maimaita masa sau biyu, ya ce in rubuta lambar wayar kamfanin da babban baƙi a bayan takardar.